Sola a gida: ka fara da lissafi kafin ka shiga kasuwa

Tun ranar 29 ga Mayun 2023 da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin man fetur, lissafin wutar gida ya sauya a Najeriya. Litar fetur da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura naira 1,000 kafin ƙarshen 2024. A watan Afrilun 2024 hukumar NERC mai kula da harkar lantarki ta ɗaga kuɗin yunit ɗaya ga masu layin Band A, waɗanda aka yi wa alkawarin wutar awa ashirin a rana, daga naira sittin da 'yan kai zuwa naira 225, daga baya aka ɗan rage shi zuwa ɗari biyu da 'yan kai. Sai kuma a watan Oktoban shekarar aka lalata babban layin da ke ɗauko wuta daga Shiroro zuwa Kaduna, jihohin Arewa da dama suka kwashe fiye da mako guda cikin duhu. Waɗannan abubuwa ne suka sa magidanta da yawa suka koma kallon rufin gidajensu, suna tambayar ko lokaci ya yi da za su sa sola.

Amsata ita ce, ga mafi yawan gidajen da ke kunna janareta kullum, lokaci ya yi. Amma ribar sola ba ta zuwa da kanta don kawai an ɗora faranti a kan kwano. Wanda ya sa sola ya biya kuɗin wutar shekaru masu zuwa ne a dunƙule, tun yau. In ya saya daidai da buƙatarsa, ya zaɓi batir mai kyau, ya kuma kula da kayan, kuɗinsa za su dawo har ya ci riba mai kauri. In ya yi sakaci da ɗaya cikin ukun nan, zai biya sau biyu. Don haka alƙalami da takarda su ne kayan aiki na farko.

Nawa wuta ke ci maka yanzu?

Yawancinmu ba mu san amsar wannan tambaya ba, domin kuɗin na fita ne kaɗan-kaɗan: galan ɗaya yau, baƙin mai gobe, fulogi jibi, mai gyara ranar Asabar. Ka ware wata guda kana rubuta duk abin da ka kashe saboda wuta. Ka sa fetur da baƙin mai da gyaran inji da kuɗin mita ko bil, har da kuɗin cajin waya a shago, da batirin tocila, da ƙanƙarar da ake saye saboda firji ba ya aiki. Uwargida ta fi kowa sanin naman da ya lalace da miyar da aka zubar, a tambaye ta a rubuta.

Bari mu yi misali, kai kuma ka musanya alƙaluman da farashin garinku. Gida ne da ke kunna matsakaicin janareta daga magariba zuwa sha ɗaya na dare, yana shan lita huɗu. In lita tana naira 900, kuɗin mai ya kama naira 3,600 a dare, naira 108,000 a wata. Mu ƙara naira 10,000 na baƙin mai da gyara, ya zama naira 118,000 a wata, wato sama da naira miliyan ɗaya da dubu ɗari huɗu a shekara. Duk wannan kuɗi na wutar 'yan awoyi ne, kuma da an kashe inji fanka ta tsaya, a kwana cikin zufa.

Yanzu mu ɗauka mai haɗa sola ya ce zai yi wa gidan nan aiki a kan naira miliyan uku. Raba miliyan uku da 118,000, za ka samu wata 25 da 'yan kwanaki. Ko da an ci gaba da tayar da inji jefi-jefi, cikin shekara biyu da rabi kuɗin sun dawo. Daga nan abin da ake kashewa a mai ya koma aljihun maigida, kuma wutar dare da rana ce.

Akwai wata hanyar auna abin, wato farashin yunit ɗaya. Ƙaramin janareta da ƙyar yake ba da yunit biyu daga lita guda, in kayan da ke kansa ba su da yawa ma bai kai haka ba, tunda yana shan mai ko da ƙwai biyu kawai ya ɗauka. A farashin naira 900, yunit ɗinsa ba ya kasa naira 450. Sola ta miliyan uku da ke ba da yunit biyar a rana za ta ba da yunit 18,250 a shekara goma, kowane yunit ya tashi a kan kusan naira 165; in aka haɗa da gyara da canjin wasu kaya, ka ce ɗari biyu.

Wannan lissafi ya nuna wa ya fi cin riba. Mai dogaro da janareta shi ne kan gaba. Wanda ke kan Band A, ana ba shi awa ashirin ɗin da aka yi alkawari, shi ma zai amfana, sai dai kuɗinsa za su daɗe kafin su dawo. Wanda kuwa ke samun wuta daidai gwargwado a layi mai araha, ƙaramin tsari da zai riƙe masa fitilu da fanka idan an ɗauke wuta ya fi masa alheri. A Jamus da wasu jihohin Amurka magidanci kan sayar wa kamfanin lantarki rarar wutar da ya samar. A nan hakan bai zama ruwan dare ba, saboda haka kada ka sa shi cikin lissafinka. Ribarka ita ce kuɗin da ka daina kashewa.

Auna buƙatarka da kanka

Kuskuren da ya fi yawa shi ne mutum ya je wurin mai sayarwa ya ce, "Ina son sola da za ta ɗauki gidana." Mai sayarwa bai san gidanka ba. Zai ba ka abin da ke shagonsa ko abin da ya ga aljihunka zai ɗauka.

Ka juya bayan kowace na'ura, za ka ga 'yar takarda ko rubutu a jiki, da lamba da harafin W a gabanta. Wannan shi ne wat, ƙarfin wutar da take ja. Ka ninka shi da awoyin da take aiki a rana. Wat dubu na awa guda shi ne yunit ɗaya, irin wanda kake saya a mita.

Ga misalin matsakaicin gida. Ƙwai takwas masu wat 10, awa shida, sun ci 480. Fankar sama uku masu wat 70, awa goma, sun ci 2,100. Talabijin da dikoda, wat 80 na awa biyar, 400. Firji yakan ci wajen 1,200 a yini da kwana. Cajin wayoyi da kwamfuta, 200. Jimla 4,380, wato kusan yunit huɗu da rabi. Ƙara kashi ɗaya bisa huɗu saboda wutar da ke salwanta a inbata (na'urar da ke juya wutar batir ta zama irin wadda kayan gida ke amfani da ita) da batir da wayoyi, ka samu yunit biyar da rabi.

Allah Ya hore wa ƙasar Hausa rana. Daga Sakkwato zuwa Maiduguri, daga Kano zuwa Maraɗi da Damagaram, ana samun kwatankwacin awa biyar zuwa shida na cikakkiyar rana a mafi yawan shekara. Faranti mai wat 500, bayan an cire abin da zafi da ƙura ke ragewa, yakan ba da wajen yunit biyu a rana. Farantai uku sun ishi gidan misalinmu, na huɗu kuma shi zai cike giɓi a watan Agusta lokacin da hadari ke rufe sama kwana da kwanaki.

Ka lura da abin da fankoki suka ci a lissafin nan: kusan rabin wutar gidan. Fankar zamani mai ƙarancin cin wuta tana jan wat 30 ko kusa da haka. In aka canza ukun nan, 2,100 ya sauko 900. An rage yunit ɗaya da ɗoriya a kullum, daidai da abin da babban batirin ruwa guda ke iya bayarwa a dare. Kuɗin fankoki uku bai kai kuɗin wannan batir ba. Rage cin wuta ya fi ƙara kayan sola arha, don haka a fara da canza tsofaffin ƙwai da fankoki, a duba robar ƙofar firji ko tana kamawa.

Duk abin da ke yin zafi shi ne babban mai cin wuta. Dutsen guga yana jan wat 1,000 ko fiye, butar lantarki 1,500 zuwa 2,000, haka hita da rishon lantarki. Girki a bar wa gas. Guga da tura ruwa tanki da wanki a inji a mai da su tsakanin ƙarfe goma na safe da uku na rana, lokacin da farantai ke ba da wuta kai tsaye, kada a ɗora wa batir da dare. Wannan sauyin ɗabi'a kaɗai yana iya rage maka girman batirin da za ka saya.

Batir ne ke cinye riba ko ya tsare ta

Farantan sola sun yi arha ƙwarai. Tsakanin 2010 da 2020 farashinsu a kasuwar duniya ya faɗi da kusan kashi 90 cikin ɗari. Masu kyau kan zo da garantin shekara 25, kuma ko a ƙarshen wannan wa'adi suna ba da wajen kashi 80 na ƙarfinsu na farko. Inbata mai inganci takan yi shekaru. Batir ne ke tsufa da wuri, shi ne kuma ya fi tsada, saboda haka a kansa ya kamata ka fi tsayawa.

Iri biyu suka fi yawa a kasuwa. Akwai batirin ruwa, wanda ake kira tubula, da kuma na litiyom. Tubula mai lamba 200 da bolt 12 yana ɗaukar yunit 2.4, amma in kana son ya yi ƙarko rabi kawai za ka riƙa sha, wato 1.2. Idan ana tatse shi ƙarƙaf kowane dare, ba zai kai ko'ina ba. Zafi ma yana kashe shi: duk ƙarin digiri takwas zuwa goma a kan digiri 25 yana rage kwanansa da kusan rabi, mu kuma a watan Afrilu ɗakunanmu kan haura 35. Shi ya sa a yankinmu da yawa ba sa wuce shekara biyu zuwa uku.

Batirin litiyom mai yunit biyar ana iya shan kashi 80 zuwa 90 na abin da ke cikinsa, wato shi kaɗai yana aikin tubula kusan huɗu. Masu ƙera nagari suna ba shi caji da saukewa sau 3,000 zuwa 6,000, abin da ke nufin shekara takwas zuwa sama da goma in ana amfani da shi kullum. Ba ya buƙatar ƙarin ruwa, ya fi jure zafi, yana kuma cika da sauri. Kuɗinsa ya fi yawa a ranar saye, amma a shekara goma mai tubula zai canza batura sau uku ko huɗu. Idan ka zo kwatanta farashi, ka raba kuɗin kowanne da shekarun da zai yi da yunit ɗin da zai ba ka. Hausawa sun ce araha ba ta ado, kuma a harkar batir maganar ta tabbata.

Wanda ƙarfinsa bai kai litiyom ba, babu laifi ya fara da tubula, amma ya kiyaye ƙa'idarsa. A ajiye shi inda iska ke ratsawa, kan katako ko ƙarfen ɗori, nesa da ɗakin kwana. Kowane wata a duba 'yan sandunan da ke kan murafunsa. In alamar ta sauka ƙasa, a ƙara ruwan batir tatacce. Ruwan famfo da na leda suna lalata shi, asid kuma ba a ƙara shi. Kada a haɗa tsohon batir da sabo a layi ɗaya, tsohon zai janyo sabon ƙasa.

A wurin saye da wurin haɗawa

Ka nemi farashi a rubuce daga mutum uku, kowa ya fayyace sunan kamfanin kowane kaya da ƙarfinsa da tsawon garantinsa. Ka roƙi mai haɗawa ya nuna maka gidan da ya yi wa aiki shekara biyu da suka wuce, ka je ka tambayi maigidan da bakinka. Akwai farantan da ake manna wa takardar wat 500 alhali ba su kai ba, akwai kuma tsofaffin batura da ake wankewa a sake musu kwali. A gwada faranti da na'urar awo a gabanka cikin rana, a duba ranar ƙera batir, ka karɓi rasit da takardar garanti ka adana.

Kada ka yarda a rage kuɗi ta wajen waya da kayan kariya. Siririyar waya tana zafi, tana zubar da wutar da ka saya, tana kuma iya tayar da gobara. A sa fis ko abin katse wuta tsakanin batir da inbata, da tsakanin farantai da inbata. A sa abin kare tsawa, a binne sandar ƙarfe a ƙasa a haɗa mata waya. Kuɗin waɗannan kaɗan ne a kan kuɗin inbatar da tsawa ɗaya za ta ƙone.

Farantai su fuskanci kudu, da ɗan karkata na digiri 10 zuwa 15, yadda ruwa zai gangara ya wanke su. A bar tazara tsakaninsu da kwano don iska ta ratsa, domin faranti na rage ƙarfi idan ya yi zafi. Ka hau ka duba da kanka da safe da rana da la'asar ko inuwar darbejiya ko tankin ruwa ko benen maƙwabci na faɗawa a kai. Inuwa a kan faranti guda tana rage ƙarfin duk waɗanda ke layi ɗaya da shi. A ɗaure su da ƙarfe da noti, saboda iskar farkon damina da ke yaye rufi, da kuma masu ɗan hali.

Da hunturu, ka shafa yatsa a kan gilashin faranti bayan kwana huɗu na hazo, za ka ga layin da yatsan ya bari cikin jar ƙura. Wannan ƙura wuta ce take tarewa, kuma a lokacin ne mutane kan fara zargin batir alhali lafiyarsa ƙalau. Maganin bokitin ruwa ne da tsumma mai laushi ko soso a kan doguwar sanda, sau ɗaya ko biyu a mako. A wanke da sassafe ko bayan la'asar sakaliya. Ruwan sanyi a kan gilashin da ya gasu da tsakar rana yana iya tsaga shi. Ba a sa omo mai kaifi, ba a kankara da ƙarfe, ba a kuma taka faranti.

Yadda za a biya

Ba dole ne a yi komai rana ɗaya ba. Dabara mai kyau ita ce a sayi inbatar da ta ɗan fi buƙatar yau, sannan a fara da farantai biyu da batir ɗaya, a riƙa ƙara farantai idan hali ya samu. Kusan duk kayan nan daga waje ake shigo da su, galibi daga Sin, saboda haka farashinsu na bin dala. Mun ga yadda dala ta tashi daga wajen naira 460 a farashin gwamnati a tsakiyar 2023 ta haura 1,500 a farkon 2024. Kuɗin da ke ajiye a banki suna iya zaizayewa, faranti kuwa wutar da zai bayar gobe ita ce wadda ya bayar jiya, ko mai ya tashi ko ya sauka.

Ɗaukar adashe hanya ce mai tsabta ta sayen batir ko inbata. Bankunan da ba sa mu'amala da kuɗin ruwa, irin su Jaiz da TAJ, suna aiki da tsarin murabaha, inda banki ke sayen kaya ya sayar maka da ribar da aka sani tun farko, ka biya a hankali. Ka je ka tambayi sharuɗɗansu. Ga ƙananan gidaje da ƙauyuka, kamfanoni irin su Sun King da d.light suna ba da 'yan ƙananan kayan sola masu fitilu da wurin cajin waya, wasu har da fanka da talabijin, ana biya kaɗan-kaɗan har kayan su zama naka. Kowace hanya ka bi, ka tambayi jimlar abin da za ka biya daga farko zuwa ƙarshe, ka kwatanta da farashin kuɗi hannu. In abin da za ka riƙa biya a wata bai wuce abin da kake kashewa a fetur ba, cinikin ya yi kyau.

Ɗan haya ma yana iya sawa, amma ya yi yarjejeniya da mai gida a rubuce cewa kayan nasa ne, zai kwashe idan zai tashi, kuma zai toshe ramukan da aka huda a kwano.

Sola na iya kawo kuɗi

Wutar rana tsaka takan yi rara bayan batir ya cika, kuma asara ce a bar ta. Firiza ɗaya da ke aiki daga safe zuwa la'asar ta isa uwargida ta riƙa fitar da ƙanƙara da zoɓo da kunun aya, musamman a bazara da watan azumi lokacin da kayan sanyi ke tsada. Tela da mai aski da mai cajin waya da ke aiki a ƙofar gida duk za su daina raba cinikinsu da gidan mai. Manyan wurare sun riga sun gane haka: tun 2018 aka fara haɗa wa shagunan kasuwar Sabon Gari ta Kano wutar sola, a 2019 kuma Jami'ar Bayero ta ƙaddamar da tasharta mai ƙarfin megawat 7.1. Lissafin da ya kai su ga wannan shi ne dai na gidanka, girma ne kawai ya bambanta.

Shawarata ta ƙarshe ita ce wadda aka fi mantawa da ita. Daga watan da ka daina sayen fetur, kada ka bar kuɗin su narke cikin cefane baki ɗaya. Ka ware kashi ɗaya bisa biyar nasu kowane wata, ka ajiye da sunan batir. Ranar da batir ya gaji, kuma tabbas zai gaji, za ka sayi sabo ba tare da cin bashi ko komawa kan janareta ba. Gidajen da za ka ga farantai a sama amma inji na ruri a ƙasa, yawancinsu wannan tanadin ne ba su yi ba. Sauran kashi huɗun halalinka ne: ka biya kuɗin makarantar yara, ka ƙara jari, ko ka sa wa mahaifanka tasu solar su ma su kwana da fanka.